YARO DA AMAI A MOTA: DALILINSA DA ABIN YI

Ranar kasuwa ce. An loda wa mota buhunan masara da na gyaɗa, mutane kuma sun shiga sun zauna a matse. Wata uwa tana can kujerar baya, ɗanta ɗan shekara 4 yana bisa cinyarta. Da aka tashi, yaron yana ta surutu, yana nuna shanu da itatuwa. Ba a yi rabin awa ba sai ya yi tsit. Ya fara hamma, goshinsa ya jiƙe da gumi, yawu ya cika masa baki. Kafin uwar ta ce wa direba ya tsaya, aikin gama ya gama. Ya ɓata rigarsa, da zanenta, da ƙafar wanda ke zaune kusa. Mutane suka hau tsaki. Uwar ta ji kunya, ta kai wa yaron dundu.

'Yan'uwa manoma, ba wanda bai taɓa ganin irin wannan ba. Waɗansu za su ce ai ƙaramin abu ne, bai isa a ɓata takarda a kansa ba. Amma mu duba abin da yakan jawo. Akwai uwayen da sukan fasa kai yaro allurar rigakafi ko awo domin gudun kunyar mota. Akwai waɗanda sukan ɗura wa yaro maganin barci da suka saya a tasha, maganin da zai iya cutar da shi. Akwai kuma yaron da zazzaɓi ko guba ne ke sa shi amai, amma aka ce ai mota ce, har lokaci ya ƙure. Domin waɗannan dalilai muka ga ya kamata mu yi bayani sosai.

MENE NE KE KAWO SHI?

Da farko mu kawar da waɗansu zato. Amai a mota ba maita ba ne, ba iskokin hanya ba ne, ba kuwa bakin wani ba ne. Ba ragwanci ba ne ko shagwaɓa. Yaron ba ya yi da gangan, ba kuwa zai iya hana kansa ba, ko da an yi masa tsawa ko duka.

Ga yadda abin yake. Mu ɗauki ƙwaƙwalwa kamar dagaci ne zaune a zaure. Ba ya fita waje, amma yana da 'yan aike 3 masu kawo masa labarin inda jiki yake da yadda yake motsi.

Na farko shi ne ido. Shi ke faɗa ko muna tsaye ko muna tafiya.

Na biyu yana can cikin kunne, wurin da yatsa ko tsinke ba ya kaiwa. A kowane kunne akwai 'yan ƙananan bututu 3 masu lanƙwasa, cike da ruwa, da waɗansu 'yan jakunkuna 2 masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi waɗanda suka fi yashi laushi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ƙwarya cike da ruwa a ka ya san yadda ruwan yakan yi tangaɗi idan an juya ko an tsaya farat ɗaya. Haka ruwan nan na cikin kunne yake yi, kuma kowane tangaɗi sai an sanar da ƙwaƙwalwa.

Na uku shi ne jijiyoyin gaɓoɓi da na fata, masu faɗa ko muna zaune, ko muna jingine, ko ana jijjiga mu.

Sa'ad da mutum yake tafiya da ƙafa zuwa gona, duk 'yan aiken nan 3 bakinsu ɗaya ne. Amma a cikin mota sai labari ya sha bamban. Yaro ƙarami ne, ba ya hangen waje. Abin da idonsa ke gani shi ne bayan kujera, ko buhu, ko zanen uwarsa, kuma waɗannan ba sa motsi a wurinsa. Sai ido ya ce, “Muna zaune wuri ɗaya.” Kunne kuwa ya ce, “Ina! Ana ta jefa mu sama da ƙasa, ana karkata mu hagu da dama.” Dagaci ya rasa wanda zai gaskata. Wannan ruɗewa ita ke kawo jiri, da tashin zuciya, da amai.

Me ya sa ruɗewar take ƙarewa da amai? A shekarar 1977 wani masani mai suna Michel Treisman ya kawo wani bayani da masana da yawa suka ga yana da ma'ana. Ya ce guba iri-iri, idan an ci, takan rikita ido da kunne kamar haka. Saboda haka idan labarinsu ya saɓa, sai ƙwaƙwalwa ta zaci an ci wani mugun abu, ta umarci ciki ya fitar da duk abin da ke cikinsa.

Akwai shaida mai ƙarfi cewa cikin kunne ne tushen abin. Daga 1958 zuwa 1968 hukumar NASA ta Amurka, mai aika mutane sararin sama, ta yi aiki da kurame 11 daga makarantar Gallaudet. 10 daga cikinsu sanƙarau ne ya kurmantar da su tun suna yara, ya kuma lalata wannan sashe na cikin kunnensu. An juya su a cikin na'urori, an ɗaga su a jirgin sama, ba wanda ya yi amai. Har aka sa su a jirgin ruwa a kan teku mai manyan raƙuman ruwa. Masu binciken suka yi ta amai, su kuwa kuramen suna zaune suna karta. Ashe yaron da ke amai a mota, kunnensa lafiya lau yake, yana aikinsa ne.

Ba mota kaɗai ke kawo wannan ba. Kwalekwale a kogin Binuwai ko Neja yakan kawo shi, haka jirgin ƙasa da jirgin sama, har ma hawan raƙumi ga wanda bai saba ba. 'Yan kwikwiyo ma sukan yi amai idan an sa su a mota.

SU WA YA FI KAMAWA?

Jarirai da yara 'yan ƙasa da shekara 2 ba safai yake kama su ba. A riƙe wannan da kyau, gama za mu dawo kansa. Yakan fara nunawa bayan shekara 2, ya fi ƙarfi tsakanin shekara 6 zuwa 12, sa'an nan yakan ragu idan yaro ya balaga. Ya fi kama mata bisa maza, musamman masu juna biyu. Yana kuma bin jini. Idan uwa ko uba sun sha fama da shi suna yara, kada su yi mamaki idan 'ya'yansu sun gado su. Masu yawan ciwon ɓarin kai su ma ya fi damunsu.

Kun taɓa lura direba ba ya amai? Dalili shi ne idonsa yana kan hanya, ya san kwana tun kafin a kai ta, ya san lokacin da zai taka birki. Jikinsa ya shirya tun kafin motsin ya zo. Dukan dabarun da za mu faɗa a ƙasa, manufarsu ke nan, watau a sa ido da kunne su koma baki ɗaya.

Irin hanya ma tana da nata. Hanya mai yawan kwana da hawa da gangara, kamar Hawan Kibo tsakanin Jos da Akwanga, ko hawan dutsen Mambila, ta fi miƙaƙƙiyar kwalta tayar da zuciya. Haka hanyar da ramuka suka sa direba yana kauce-kauce, yana taka birki yana saki. Lilo mai tafiya a hankali, sama da ƙasa kamar sau ɗaya cikin daƙiƙa 5, ya fi jijjiga mai sauri sa amai. Zafi, da cunkoso, da warin fetur, da hayaƙin taba, da ƙaurin busasshen kifi, duk suna ƙara abin.

ALAMUN FARKO

Ƙaramin yaro bai iya cewa zuciyarsa na tashi ba. Aikin babba ne ya lura. Ga abin da za a duba:

1. Yaro mai surutu ya yi shiru, ko ya fara rigima ba dalili.
2. Yawan hamma.
3. Gumi mai sanyi a goshi da bisa leɓe.
4. Leɓunansa da tafin hannunsa su koɗe.
5. Yawu ya cika baki, yana ta haɗiya ko dalala.
6. Ya ƙi abincin da yake so, ko ya ce cikinsa ko kansa na ciwo.

Idan an ga waɗannan, lokacin yin wani abu ke nan. Kada a jira sai aman ya zo.

KAFIN A TASHI

Rigakafi ya fi magani. Shirin tafiya da yaro tun daga gida yake farawa.

Abinci. Waɗansu uwaye sukan hana yaro abinci ɗungum domin kada ya sami abin amayarwa. Wannan kuskure ne. Yunwa tana ƙara tashin zuciya, yaron kuma zai yi ta kakari ba abin da ke fita. Waɗansu kuma sukan cika masa ciki domin tafiya da nisa. Wannan ma kuskure ne. A ba shi abinci kaɗan mara nauyi kamar awa ɗaya kafin a tashi, irin su koko, ko kunu, ko burodi, ko dafaffen dankali. A guji abu mai maiƙo da yaji, kamar ƙosai, da awara, da tsire, da soyayyen kifi. Fura da nono mai kauri da lemon kwalba su ma a bari sai an sauka.

Barci da lokaci. Yaron da bai yi barci sosai ba ya fi saurin jin jiri. A bar shi ya kwanta da wuri. Idan da hali a bi motar sassafe, kafin rana ta yi zafi.

Tufafi. A sa masa riga mara nauyi wadda ba ta matse wuya ko ciki ba. Rigar ado a naɗe ta a jaka, a sa masa idan an isa.

Kayan hannu. A riƙe kwano mai murfi ko leda, da tsumma 2, da gorar ruwa mai tsabta, da guntun sabulu, da rigar canji. Wannan jaka a ajiye ta a hannu, kada yaron mota ya ɗaure ta a bisa tare da kaya. Leda kuwa babba ne zai riƙe, gama ƙaramin yaro zai iya jefa kansa a ciki ta toshe masa numfashi.

Magana. Kada a yi ta gargaɗin yaro ana cewa, “Saura ka yi mini amai yau.” Tsoro yana jawo abin da ake tsoro. Gara a ce masa, “Idan ka ji cikinka ba daɗi, ka faɗa mini, ba zan yi faɗa ba.”

A CIKIN MOTA

1. Wurin zama. A bas, a nemi kujerun gaba-gaba, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Kujerar ƙarshe ta fi kowace lilo, nan ne kuma hayaƙi da ƙura suka fi taruwa. A ƙaramar mota kuwa, yaro ɗan ƙasa da shekara 12 a kujerar baya yake zama, kamar yadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa take faɗa, gama kujerar gaba tana da hatsari gare shi. Tsakiyar kujerar baya ta fi kyau idan tana da bel, domin daga nan zai hangi hanya ta gilashin gaba. Mai mota da ke da kujerar yara ya yi amfani da ita, tana kare yaro, tana kuma ɗaga shi ya ga waje.

2. Ya fuskanci gaba. Zama ana kallon baya, ko a benci ana kallon gefe, yana ƙara jiri.

3. Ya dubi nesa. A nuna masa dutse can gaba, ko inda hanya ta haɗu da sama. Kallon itatuwan bakin hanya suna wucewa fiu fiu ta tagar gefe ba ya taimako. A yi wasa da shi, a ce, “Mu ga wa zai fara hango rumbu,” ko “Ƙirga mini shanun can gaba.”

4. Ban da littafi, ban da waya. Yanzu uwaye da yawa sukan miƙa wa yaro waya domin ya yi shiru. Ba abin da ya fi wannan saurin kawo amai, gama ido ya kafe a wuri ɗaya, kunne kuwa yana jin motsi. Idan ana so a ɗauke masa hankali, a yi masa tatsuniya, ko kacici-kacici, ko a yi waƙa tare.

5. Kai ya tsaya wuri ɗaya. A jingina kansa a ƙirjin babba ko a naɗaɗɗen zane. Idan ba ya iya ganin waje sam, gara ya rufe ido. In barci ya ɗauke shi, a ƙyale shi.

6. Iska. A buɗe taga kaɗan iska ta bugi fuskarsa, amma kada ya fitar da kai ko hannu. Kada a lulluɓe masa fuska duka da zane saboda ƙura, a bar wa hanci hanya.

7. Ruwa. A riƙa ba shi kurɓi kaɗan kaɗan. Busasshen burodi ko biskit mara maiƙo ba laifi. Amma kada a ba ƙaramin yaro alewa mai tauri, ko gyaɗa, ko aya, mota tana tafiya. Faɗawa rami ɗaya ya isa su shaƙe shi.

8. Hutu. A doguwar tafiya a tsaya bayan kowace awa ɗaya ko 2, yaro ya sauka ya taka ƙasa.

Muna roƙo kuma, kada a ɗora yara a bayan lori ko a-kori-kura bisa buhuna. Ko ba amai, faɗuwa daga can ba ta da gyara.

IDAN AMAN YA ZO

A zaunar da yaron, a sunkuyar da shi gaba, a tallafi goshinsa. Idan a kwance yake, a juya shi gefe. Kada a bar yaro mai amai ya kwanta rigingine, kada kuma a toshe masa baki da hannu ko tsumma, gama aman zai iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu.

A roƙi direba ya tsaya a wurin da ba hatsari. A sauko da yaron ta gefen da ba motoci, a kai shi inuwa. A goge masa fuska da wuya da jiƙaƙƙen tsumma, ya kurkure baki, a canja masa riga. A wanke wurin da ya ɓaci ko a zuba ƙasa a share, domin warin yakan tayar wa sauran yara zuciya. Babban da ya yi aikin ya wanke hannu da sabulu.

A dakata kamar minti 10, sa'an nan a fara ba shi ruwa cokali cokali. Mai shan nono a ci gaba da ba shi. Yawancin yara sukan warware jim kaɗan bayan mota ta tsaya, har su nemi abinci.

Idan ya yi amai sau da yawa ga kuma zafi, a ba shi ruwan gishiri da sukari. Wanda ake samu a ƙulle a asibiti ya fi kyau, a dama shi da yawan ruwan da aka rubuta a jikin takardar. In babu, a sami lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali a shafe. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Abin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo.

Abu na ƙarshe, kada a doki yaron, kada a yi masa dariya. Ya riga ya sha wuya. Yaron da aka kunyata yakan fara jin tashin zuciya tun daga ganin mota a tasha.

BATUN MAGANI

Yawancin yara ba sa bukatar magani idan an bi dabarun nan. Amma akwai yaron da kowace tafiya sai ya galabaita. Irin wannan a kai shi wurin likita ko malamin asibiti tun kafin ranar tafiya, a faɗi shekarunsa da nauyinsa, da duk wani magani da yake sha. Su ne za su zaɓi magani, su faɗi yawan da za a ba shi. Ga abin da ya kamata kowa ya sani:

Magungunan nan kafin a shiga mota ake shansu. Waɗansu rabin awa ko awa ɗaya kafin tashi, waɗansu awa 2. Idan amai ya riga ya fara, ba su da amfani sosai.

Suna sa barci da bushewar baki. Waɗansu yara kuma maimakon barci sai su rikice da kuka da rashin natsuwa.

Kowane magani da shekarun da aka yarda a fara ba da shi. Dimenhydrinate ba a ba ɗan ƙasa da shekara 2. Cinnarizine, wanda aka fi sani da Stugeron, sai yaro ya kai shekara 5. Promethazine, watau Phenergan ko Avomine, an hana ba da shi ga ɗan ƙasa da shekara 2 domin yana iya tsayar da numfashi, a Ostareliya ma an hana shayar da shi ga ɗan ƙasa da shekara 6. Metoclopramide ba ya maganin aman mota, yana kuma iya sa wuyan yaro ya murɗe, idanunsa su kakkafe.

Kada a sayi magani daga hannun masu talla a tasha ko cikin bas. Kada a karya ƙwayar babba a ba yaro. Kada a ba yaro maganin mura ko na tari domin kawai ya yi barci a hanya.

Citta fa? Waɗansu sukan ji sauƙi da ita, waɗansu ba sa ji. Ruwan citta kaɗan mara zafi ba ya cutar da yaron da ya wuce shekara 2. Shinshina ɓawon lemun tsami shi ma ba laifi, ko ba komai yana danne warin mota. Goro da namijin goro kuwa ba na ƙananan yara ba ne.

Maganin da ya fi duka shi ne sabo. Yaron da ake ɗan fita da shi gajeriyar tafiya a kai a kai, jikinsa yakan koya. Sannu ba ta hana zuwa.

IDAN BA MOTA BA CE FA?

Wannan sashe ya fi duk sauran muhimmanci. Aman mota yana farawa a mota, yana kuma ƙarewa bayan an sauka. Ba ya zuwa da zazzaɓi, ba ya zuwa da gudawa. A kai yaro asibiti mafi kusa ba tare da jinkiri ba idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Jikinsa da zafi. Mai yiwuwa zazzaɓin cizon sauro ne, a yi masa gwaji.
2. Ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, musamman da rani da bazara, lokacin sanƙarau.
3. Gudawa tare da aman, balle mai kama da ruwan shinkafa.
4. Aman kore ne, ko da jini a ciki, ko cikin ya kumbura yana ciwo.
5. Yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya kasa sha, ko ya kasa kama nono.
6. Idanu sun faɗa, baki ya bushe, maɗigar jariri ta lotsa, ko ya yi awa 8 bai yi fitsari ba.
7. Jijjiga, ko suma, ko barcin da ba a iya tashe shi.
8. Ya buga kansa kafin aman ya fara.
9. An sauka da awoyi amma aman bai tsaya ba.

Ku tuna mun ce ba safai aman mota yake kama ɗan ƙasa da shekara 2 ba. Saboda haka jaririn da ke ta amai a hanya, kada a yi saurin ɗora wa mota laifi, a nemi wani dalili.

Akwai kuma hatsari 2 da suka shafe mu manoma ƙwarai.

Na ɗaya, maganin ƙwari. Sau da yawa mukan sayo maganin feshi a kasuwa mu tura shi ƙarƙashin kujera, kusa da ƙafafun yara. Idan kwalba ta yoyo, yaro zai iya shaƙa ko ya taɓa. Alamun gubar suna kama da na aman mota, watau gumi, da dalalar yawu, da amai. Amma ita guba takan ƙara da hawaye, da rawar tsoka, da wuyar numfashi, ɗigon baƙin tsakiyar ido kuma ya tsuke. Haka kuma ƙwayar da ake sa wa buhun wake ko masara domin ƙwari, irin su Phostoxin, tana fitar da iska mai kisa. Buhun da aka sa wa ita kwanan nan ba ya shiga mota ɗaya da mutane. Idan ana zaton guba ce, a fitar da yaron iska, a tuɓe masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar ko takardar maganin. Kada a sa shi amai da gangan, kada a ɗura masa manja ko madara.

Na biyu, hayaƙin salansa. Tsohuwar mota mai hujajjen salansa ko ruɓaɓɓen daɓe tana shigo da hayaƙi ciki. A cikin hayaƙin akwai wata iskar guba wadda ba ta da wari ko launi. Idan mutane da dama a mota ɗaya suka fara ciwon kai, da jiri, da amai, da jin barci, a tsaya nan take, kowa ya fita. Yara ne take fara kayarwa. Wanda ya galabaita a kai shi asibiti.

Har wa yau, kada a bar yaro a rufaffiyar mota cikin rana, ko na minti kaɗan ne, wai ana zuwa a dawo.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwa ita kaɗai ba ta iya sa direba ya tsaya, amma ƙungiyar da ta ɗauki hayar mota tana iya sa sharaɗi. Muna ba da shawara kamar haka:

1. Tun wajen ciniki a yarda da direba cewa zai riƙa tsayawa hutu, zai kuma tsaya idan yaro ya matsu.
2. A duba motar. Idan hayaƙi na shiga ciki ko tagogi ba sa buɗuwa, a nemi wata.
3. A ware kujerun gaba-gaba domin masu yara da masu juna biyu. Maza masu ƙarfi su koma baya.
4. Maganin feshi, da taki, da jarkar fetur su bi motar kaya dabam. In ba hali, a rufe su sosai a ɗaure a waje, nesa da mutane da abinci.
5. Ban da shan taba a cikin mota.
6. Ƙungiya ta ajiye ɗan akwati mai bin kowace tafiya, da ledoji, da tsummoki, da sabulu, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti, da jarkar ruwan sha.
7. Maigida, idan kuna tafiya tare, ka karɓi yaro ɗaya. Mace mai goyo ba ta iya kula da jariri da mai amai a lokaci guda.

Direbobin da ke cikinmu kuma, ku ne da babban rabo. Tashi a hankali, taka birki a hankali, da shan kwana ba da gudu ba, suna rage amai, suna rage shan mai, suna kuma sa taya ta daɗe.

DON TATTAUNAWA A TARONKU

A karanta wannan takarda a taron ƙungiya da na mata, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su ji. Sa'an nan a tattauna waɗannan tambayoyi:

1. A ƙauyenmu, akwai yaran da ba a kai su rigakafi ko awo saboda wahalar mota? Ta yaya za mu taimaki uwayensu?
2. Ina muke ajiye maganin feshi idan mun sayo shi daga kasuwa?
3. Wa zai riƙe akwatin tafiya na ƙungiya, ya kuma riƙa cika shi?
4. Wane asibiti ne mafi kusa a kan hanyoyin da muka fi bi?

Yaron da ke amai a mota yau, da shiri kaɗan da haƙuri, zai girma ya bar shi. Abin da ya rage mana shi ne mu sauƙaƙa masa tafiya, mu kuma iya gane ranar da aman ba na mota ba ne. Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.